Mari biyu a bakin butiki, ga takardar komisariya ta iso

Salamu alaikum Kawu. Ni saurayi ne shekarata 26, ina unguwar Zariya nan Maradi, na gama karatu aiki bai samu ba ina ɗan kabu-kabu, kuma ina cikin haɗa takarduna dan kwankur na shiga jandarma. Akwai wani mai butiki a layinmu yana bi na bashin jika 7 na shinkafa da mai da na amso ma gida. Ran Laraba da marece na tsaya sayen sikari, a gaban mutane ya ce mini matsiyaci ɗan matsiyata, wai in biya shi kuɗɗinshi kafin in buɗe baki. Raina ya ɓaci, na sharara mishi mari biyu na ture shi ya faɗa kan benci leɓenshi ya fashe. Bai rama ba. Ya je asibiti an ba shi takardar hutun kwana 3, yanzu an kawo mini kwambokasiyo in je komisariya ran Litinin ƙarfe 9. Abokaina na fada sun ce in tsallaka Jibiya ta Najeriya in yi wata biyu har ƙura ta lafa, wani kuma ya ce in kawo jika 30 ya san wanda zai kashe maganar. Ni dai a ganina shi ya fara tunda ya zagi iyayena. Wai ana ɗaure mutum kan mari kawai? Innata ba ta sani ba har yanzu.

Wa alaikumus salam ɗana. Bara in fara da abin da ka tambaya dan kar in ja maka rai: e, ana ɗaurewa. Mari duka ne a wurin doka, ture mutum ma haka, ko jini bai fita ba balle ga leɓe ya fashe ga takardar likita a hannu. Ba na faɗa maka haka dan in tsorata ka ba, maganarka tana cikin masu sauƙi in ka bi ta yadda ya kamata, amma shawarwarin nan biyu da aka ba ka a fada kowace ɗaya tana iya maida ƙaramin miki ya zama gyambo.

Kundin hukunta laifuka na Nijar an kafa shi tun 1961, aka yi mishi babban gyara a 2003. A cikinshi, yadda yake bayan wannan gyara na 2003, aya ta 222 ita ce ta yi maganar duka da rauni da gangan, ta ce wanda ya daki wani ko ya ji mishi ciwo ko ya yi mishi wani cin zarafi da hannu, hukuncinshi ɗaurin wata 3 zuwa shekara 2, da tarar jika 10 zuwa jika 100, ko kuma ɗaya daga cikin biyun. Ka lura da wannan ta ƙarshen, ɗaya daga cikin biyun, nan ne ƙofarka take, alƙali yana da damar ya tsaya ga tara kawai. Wanga shi ne matakin ƙasa. Hukuncin yana hawa in an yi amfani da makami, ko an yi kwanton ɓauna, ko mutum ya kwana da niyyar dukan a ranshi ya zo ya aikata, yana kuma hawa gwargwadon ɓarnar da aka yi ma jiki, shi ya sa kwanakin da likita ya rubuta a sartifika suke da nauyi sosai, su ne ma'aunin da ake fara dubawa. Kwana 3 ba su da yawa. Ba ka ɗauki sanda ko wuƙa ba, ba ka laɓe ka jira shi ba, abu ne na nan take. Duk waɗannan suna gefenka. Ka gode ma Allah da bencin nan bai same shi a ƙeya ba, dan tura ɗaya da ba a yi niyyar kisa da ita ba tana kai mutum ga shekaru masu yawa in aka yi rashin sa'a wanda aka ture bai tashi ba.

Yanzu ga inda na san ranka yake, wato shi ya fara.

Na yarda ya yi maka ba daidai ba, kuma ban raina zafin abin ba ko kaɗan. A ce ma namiji matsiyaci a bakin titi gaban yara da maƙwabta, a haɗa da iyayenshi, a kan abincin da ya amso ma gidansu dan kar a kwana da yunwa, wallahi akwai ciwo, ko ni da furfurata aka faɗa ma haka sai na ji shi har cikin ƙashi. Bashi ba lasisin wulaƙanci ba ne. Amma doka ba ta auna tsokana da zafin da zuciya ta ji. Tsokanar da ta yarda ta zama uzuri ita ce a fara kai maka duka ko wani mugun cin zarafi na jiki, kai ko wani da ke gabanka, kuma ko a nan ɗin ma ba wanke mutum take yi tas ba, rage hukunci take. Kare kai kuma wani babi ne daban, shi sai in ana kawo maka hari a lokacin, ka tare gwargwadon harin. Kai da bakinka ka ce bai ɗaga hannu ba, kuma ko bayan marin bai rama ba. To ka ga ba ka da wanga uzuri ba ka da wancan. Zagi laifi ne mai zaman kanshi, da ka haɗiye ka juya ka samu shaidu biyu cikin waɗanda ke wurin, da yau kai ne mai ƙara shi ne mai amsa kira. Da hannunka ka juya kujerun.

Kar ka ce to zagin ya tafi a banza kenan. Bai tafi ba. Alƙali yana da ikon sassauci in ya duba yadda abin ya faru, da cewa ba a taɓa kama ka da komi ba, da yadda ka nuna nadama, da ko ka biya magani. Zagin zai shiga cikin wannan lissafi, shi ya sa ya kamata ka faɗe shi a komisariya yadda aka yi shi kalma da kalma, ka ambaci waɗanda suka ji. Amma ka faɗe shi a matsayin yadda abu ya faru, kar ka faɗe shi da murya ta wanda ke cewa ko gobe ma sai in ƙara. Na sha zama a zauren jastis ina sauraren irin waɗannan shari'o'i, abin da ya fi kada samari ba marin ba ne, bakinsu ne, a tambayi yaro ka dake shi, ya ce ai shi ya ja, a sake tambaya ya ce ai kowa aka zagi ubanshi haka zai yi, kana kallo fuskar alƙali tana sauyawa.

Mu nan Maradi mu faɗa ma kanmu gaskiya, bakinmu yana da saurin ashar, a kasuwa a tasha a bakin famfo, wani ma da shi yake gaisawa da abokinshi. In da kowane zagi yana halatta mari da babbar kasuwa ba ta ci ko wuni ɗaya lafiya ba.

Maganar Jibiya ka cire ta daga ranka gaba ɗaya. Kwambokasiyo kira ne a zo a ji ta bakinka, ba hukunci ba ne. Wanda ya amsa kira da ƙafarshi ana kallonshi daban da wanda aka je aka ɗauko. In ka gudu ƙarar ba ta mutuwa da wata biyu, irin wanga laifi sai ya shekara 3 ba a taɓa dosiyenshi ba kafin a ce lokacinshi ya wuce, kuma ana iya yanke maka hukunci ba ka nan, babu wanda zai faɗi zagin da aka yi maka, babu wanda zai roƙa maka sassauci, takardar likita ce kawai za ta yi magana. Sannan ka bar innarka da 'yan sanda suna sallama a ƙofar gida, ka bar moto a ajiye ba shiga, ga kwankur ɗin ya wuce ka. Abokan da suka ce ka tafi suna nan za su ci gaba da shan shayinsu a fada.

Shi kuma mai jika 30, kar ka ba shi ko dala. In ƙarya yake ya cinye kuɗɗinka ran Litinin ka je ka tarar da takardarka tana nan yadda take. In kuma da gaske zai kai ma wani, to ka ɗora laifin ba da cin hanci a kan laifin mari, wanda ya fi marin nauyi nesa ba kusa ba, kai da kake son ka sa kakin jandarma. Jika 30 ɗin nan in kana da ita akwai inda za ta yi maka aiki na halal, zan zo wurin.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne kwankur ɗin, dan na ga kamar kai ba ka haɗa su ba. Duk mai neman shiga jandarma ko polis ko duwan ko aikin gwamnati ana tambayarshi kaziye, takardar nan da ake amsowa a jastis mai nuna ko an taɓa ɗaure mutum. Hukuncin ɗauri yana shiga cikinta. Bayan ita kuma aikin kaki yana da binciken hali, ana tambaya a unguwa wane ne wane. To ka ga abin da kake karewa ba kwana nawa za ka yi a gidan kaso ba ne kawai, shekarun da ka yi kana karatu ne da wahalar da innarka ta sha. Jika 7 da mari biyu ba su kai wannan ba. Dan haka burinka daga yau zuwa Litinin ɗaya ne, maganar ta mutu tun kafin ta kai gaban alƙali, in kuma ta kai to ta ƙare a tara ko ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka, wanda ake ce ma sursi, wato a yanke amma ba za ka shiga ba sai in ka sake wani laifi cikin shekara 5, ranar sai a haɗa maka da na baya.

Hanyar kuwa sulhu ce, kuma tun yau za a fara ba gobe ba.

Da farko innarka. Ka faɗa mata da daren nan da bakinka. Na san kunya kake ji da tsoron hawayenta, amma layinku ɗaya da mutumin, abu ya faru gaban jama'a, ina mai tabbatar maka ko ta riga ta ji tana jira ta ga ko za ka faɗa, ko kuma za ta ji a bakin wata maƙwabciya wanda ya fi ciwo. Kuma ita ta san wa mai butikin nan yake jin nauyi, mata sun fi mu sanin wannan. Daga nan ka samu babba namiji a danginku, baffa ko kawu, ku je wurin mai unguwa ko limamin masallacin da shi mai butikin yake salla, su su nema muku izinin zuwa. Kar ka tafi kai kaɗai, kar kuma ka tura 'yan fada, dan samari biyar a ƙofar butiki ko da murmushi suka je barazana ce a idon wanda aka mara, kuma yana iya komawa komisariya ya ƙara da cewa ana tsorata shi.

In kun je, ka duƙa ka ba shi haƙuri ba tare da "amma" ba. Wannan ita ce mai wuyar, na sani. Za ka ji kamar an danne ka sau biyu, an zage ka kuma kai ne mai durƙuso. Ka bar maganar zagin a bakin manya, su suka san yadda za su ce mishi kai ma Alhaji ba a yi haka ba, kuma daga bakinsu zai fi jin ta fiye da daga naka. Ka riƙo jika 7 ɗinshi a hannu ka ajiye gabansu, ko rance za ka ci ka kawo ta, dan muddin bashin nan yana tsakaninku maganar ba ta ƙare ba. Ka tambayi abin da ya kashe a asibiti, kuɗɗin sartifika da na ordonans, ka biya, in ya rufe butiki kwana biyu manya su daidaita abin da ya dace. Ka san ko gaban alƙali aka je yana da haƙƙin ya nemi diyyar waɗannan duka a kan tarar da za ka biya gwamnati, to gara ka ba shi da hannunka cikin mutunci. Duk abin da aka bayar a rubuta, shaidu su sa hannu.

Sai dai ka fahimci wani abu da mutane da yawa ba su sani ba har sai ya ci su. Mai unguwa da hakimi har sarki, doka ta ba su ikon sasanta mutane a rigingimun al'ada da na bashi da ciniki, amma ba su da ikon rufe shari'ar laifi. Shi kanshi wanda aka mara in ya ce ya yafe, ya janye ƙararshi, wannan bai ɗaure hannun mai shigar da ƙara na gwamnati ba, shi ke da ta cewa ko a ci gaba ko a ajiye dosiye, dan a ido na doka duka ba mutum ɗaya aka yi ma ba, an taɓa zaman lafiyar gari ne. Abin da sulhun yake yi shi ne ya ba shi dalilin ajiyewa, kuma a ƙaramar magana irin taka, ga takardar janyewa ga shaidar an biya magani ga mutum bai taɓa laifi ba, dalili ne mai ƙarfi. Dan haka kar a tsaya a "mun yafe ma juna" na baki a zaure a watse. A rubuta janyewar, ya sa hannu, in zai yiwu ku tafi tare ran Litinin ya faɗa da bakinshi. Kuma ko an sasanta ranar Asabar, Litinin ƙarfe 9 kana komisariya. Sulhu bai soke kiran ba.

In ya ƙi haƙura fa? Yana iya ƙi, haƙƙinshi ne, kar ka yi fushi kar ka matsa. Zuwan da kuka yi bai ɓaci ba, mai unguwa da liman shaida ne cewa ka nemi gyara, kuma za a ji wannan.

Ranar Litinin ka je da wuri da katin ɗan ƙasa da kwambokasiyon, da babban da zai raka ka, ka bar moto a gida. Ka shirya ma ranka cewa suna iya riƙe ka, doka ta ba su awa 48 na bincike, ana iya ƙara wasu 48 da izinin mai shigar da ƙara, daga nan ko su sake ka ko su gabatar da kai jastis. Ba lalle a riƙe ka ba, amma gara ka sani da a ce ya zo maka ba zato. Kana da haƙƙin lauya tun daga lokacin da aka tsare ka, wannan ƙa'ida ce ta ƙasashen UEMOA, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, tun 2014. In ba ka da halin ɗaukar aboka, wato lauya, akwai hukumar ANAJJ da aka kafa da dokar 2011 dan taimakon marasa ƙarfi a harkar shari'a, ka tambayi biro ɗinsu a babbar kotun Maradi, bayanin doka kyauta suke yi, kuma su za su duba maka ayoyin yadda suke a yau tunda doka tana samun gyara. Da ni ne kai da na leƙa can tun kafin Litinin.

Wurin ba da bayani kar ka yi ƙarya, kar ka ce ba ka taɓa shi ba alhali rabin layi sun gani, ƙarya ɗaya tana zubar da duk gaskiyar da za ka faɗa bayanta har da ta zagin. Kar kuma ka ƙara ma kanka abin da ba ka yi ba dan a ce kai namiji ne, irin su "dama na daɗe ina haƙonshi", kalma ɗaya irin wannan tana maida abin nan take ya koma shiryayye, hukuncinsu kuwa ba ɗaya ba ne. Da Faransanci za a rubuta abin da ka faɗa, kai ka yi lakwal to ka karanta da kanka layi-layi kafin ka sa hannu, inda ba haka ka ce ba ka nuna cikin ladabi a gyara.

Wayarka ma ka kama ta. Kar ka hau WhatsApp ko Facebook kana habaici ko kana ba da labarin yadda ka koya ma wani hankali, kar ka yi vokal a gurup ɗin fada, vokal yana yawo har ya isa inda ba ka so. Dokar laifukan intanet ta 2019 tana nan, gyaran da aka yi mata a 2024 ya maido da ɗauri a kan zagi da ɓata suna ta waya.

Akwai abu ɗaya da ba na komisariya ba ne da nake son in faɗa maka a matsayin uba. Aikin da kake nema aiki ne da za a ba ka bindiga, a tsaida ka a bariya cikin rana, direba ya gaya maka baƙar magana, ɗan kasuwa ya zage ka a fakaice, wani ma ya ambaci iyayenka. In hannunka yana riga tunaninka tun yanzu da ba ka da komi sai makullin moto, ka tambayi kanka mi zai faru ranar. Mu garin 'yan kokawa ne, filin kokawarmu sunan Kantu yake ɗauke da shi, wanda ya fara ɗaukar takobin gasar kokawa ta ƙasa a 1975, mun san darajar ƙarfi. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mai ƙarfi ba shi ne mai kada mutane ba, mai ƙarfi shi ne mai mallakar kanshi lokacin fushi, kuma ya hana dukan fuska. Mutumin nan yana da haƙƙi a kanka ko da gwamnati ta ajiye takarda, shi ya sa nake son haƙurin da za ka ba shi ya zama na gaske, ba na tsoron kaso kawai ba. Shi ma yana da naka a kanshi, wannan tsakaninshi da Allah da manyan da za su gaya mishi.

Daga yau kuma in gida ya rasa, ka samu wani wurin amsar bashi ko ka riƙa rage na wannan kaɗan-kaɗan duk sati ko da dala ɗari ce, mai butiki da yake ganin ana motsi ba ya kai wa ga tozarci.

Tashi ka je wurin inna yanzu kafin ta kwanta. In an fito ran Litinin ka rubuto mini yadda aka ƙare, in an ce za a tura dosiye jastis ka gaya mini ranar da aka sa, sai mu yi maganar abin da za ka faɗa gaban alƙali da waɗanda ya kamata su raka ka. Allah Ya sassauta, Ya sanyaya zuciyar mutumin nan.